NAZARI: Sabuwar manhaja ta iso Zariya, wa zai nema wa lissafin siffofi gurbi a aji?

Da aka shiga shekarar karatu ta 2025/2026, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dakta Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta sanar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne rage kayan da aka jibga wa yara: ɗalibin ƙaramar sakandare zai ɗauki darussa 12 zuwa 14, na babbar sakandare 8 zuwa 9, an dawo da darasin Tarihi, an kuma taƙaita darussan sana'a zuwa shida. Lissafi yana nan cikin darussan da suka wajaba a kan kowa.

Makonni kaɗan bayan haka, a tsakiyar watan Oktoba, ma'aikatar ta sake fitar da sanarwar da ta tayar da ƙura, cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi, harsuna, tarihi da makamantansu. Sai da ta dawo ta yi ƙarin bayani cewa har yanzu dole ne kowane ɗalibi ya yi rajistar Lissafi da Ingilishi, ya kuma zauna jarrabawarsu. An yi ta ka-ce-na-ce a Facebook da gidajen rediyo a kan wa ya kamata a tilasta wa Lissafi, wa ya kamata a ɗauke wa. Tambayar da ta sha ruwa a cikin hayaniyar ita ce: shi wanda aka tilasta wa ɗin, wane Lissafi ake koya masa, wane ne kuma ake tsallakewa?

Akwai sashe ɗaya na darasin da ya daɗe yana shan wannan tsallake, wato lissafin siffofi, wanda malamai ke kira jometiri: ilimin layi da kusurwa, alwatika da da'ira, faɗin fili da cikin mazubi. Sauya manhaja daga Abuja ba ya ceto shi, domin ba a Abuja ake yanke hukuncin makon da za a koyar da shi ba. A ma'aikatar ilimi ta jiha ake yankewa, da ofishin shugaban makaranta, da teburin malamin da ke raba shekara zuwa makonni.

Abin da ke kan hanyar Kwangila

Zariya ce garin da ya fi dacewa a yi wannan tambaya a cikinsa. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin gadar Kwangila, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Funtuwa, ya hau motar Samaru, zai wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, kafin ya isa Jami'ar Ahmadu Bello, mai sassan injiniya, zanen gine-gine da safiyo. Idan kuma ya juya ya nufi Tudun Wada, ga harabar Kongo, ga Kwalejin Barewa, makarantar da ta yaye Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ba matuƙin jirgi, ba mai safiyo, ba mai zanen gini da zai yi mako guda a aji ba tare da kusurwa da alwatika ba. Yaron da aka haifa a unguwannin da ke kewaye da waɗannan makarantu yana iya wuce ƙofarsu kullum, amma ƙofar ta kasance a rufe gare shi tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, ranar da zango ya ƙare ba a kai ga babin zane da kamfas ba.

Asarar ba ta tsaya ga masu burin jami'a ba. A ɗauki cinikin fili. An saba sayar da fuloti a kan ƙafa 50 a 100, wato murabba'in ƙafa 5,000. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan kusurwoyin filin huɗu sun miƙe sak, digiri 90 kowace. Idan filin ya karkace har kusurwa ɗaya ta koma digiri 60, tef zai ci gaba da nuna 50 da 100 a kowane gefe, alhali abin da mai saye ya samu bai wuce murabba'in ƙafa 4,330 ba. Ya biya kuɗin fuloti cikakke, an rage masa kusan kashi 13 cikin 100, kuma babu wanda ya yi masa ƙarya a kan tsawo ko faɗi. Magini ya san maganin wannan tun kafin a kawo boko: ya auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da biyar, to kwana ta miƙe. Ƙa'idar Fitagoras ke nan da ke cikin littafin ƙaramar sakandare. Abin takaici, sau da yawa maginin da bai shiga aji ba ya fi ɗalibin da ya haddace ta sanin amfaninta.

Garin ma yana da gadon wannan ilimi a jikin gine-ginensa. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, ya yi suna ne saboda bakan gizonsa da rufin ɗaurin guga, aikin ƙasa da azara da masana gine-gine daga ƙasashen waje suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kai. Wanda ya ɗaga irin wannan baka ya san daidaito da rabon nauyi, ko da bai taɓa kiran su da sunan da ke cikin manhaja ba.

Takardu uku, malami ɗaya

Malamin Lissafi a babbar sakandare a Jihar Kaduna yana aiki ne tsakanin takardu uku da ba hannu ɗaya ya rubuta su ba. Ta farko ita ce manhajar ƙasa, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, NERDC, ke fitarwa. Ita ce ke faɗin abin da ya kamata ɗalibi ya sani a kowane aji. Ta biyu ita ce manhajar jarrabawa ta WAEC da NECO, mai faɗin abin da za a tambaya. Ta uku ita ce jadawalin mako-mako, wanda malamai ke kira sikim, mai faɗin abin da za a koyar a makon farko, na biyu, har zuwa ƙarshen zango. Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Gwamnatin Tarayya ikon gindaya mafi ƙarancin ma'aunin ilimi, amma mafi yawan makarantun sakandare na jihohi ne, su ke ɗaukar malamai, su ke fitar da kalandar karatu, su ke tura masu duba aiki. Saboda haka takarda ta uku, wadda ita ce ɗalibi ke haɗuwa da ita a zahiri, tana hannun jiha.

A manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011, wadda ɗaliban da suka riga suka yi nisa ke kammalawa a kanta, an raba Lissafi jigo-jigo: lambobi, aljabara, siffofi, ƙididdiga, da gabatarwar kalkulas. A SS1 aka sa zane da rula da kamfas, da kafa hujja a kan ƙa'idojin alwatika, da awon fili da mazubi. A SS2 aka sa ƙa'idojin da'ira da lissafin fuskar tafiya. A SS3 aka sa layukan da ake auna doron ƙasa da su, da lissafin miƙaƙƙen layi a kan jadawali. A takarda, tsari ne mai kyau, kowane hawa yana zaune a kan na ƙasa da shi.

Matsalar tana farawa ne wajen mayar da wannan jeri zuwa makonni. Hanya mafi sauƙi ga mai rubuta sikim ita ce ya bi manhaja yadda ta zo, daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Da yake lambobi da aljabara ne a gaba, zangon farko na SS1 yakan tafi kusan gaba ɗaya a kansu, siffofi kuma su gangara zuwa rabin zango na biyu da zango na uku. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya san abin da ke samun darasin da aka ajiye a ƙarshen zango. Makon farko yakan tafi wajen shara da jiran ɗalibai su dawo. Akwai hutun tsakiyar zango, akwai wasannin gidaje, akwai ranakun hutun Sallah da na gwamnati. Makonni biyu na ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Zango mai mako 13 a kalanda da wuya ya ba da fiye da mako 10 na koyarwa. Idan aka ƙaddara darasi biyar a mako, kowane minti 40, abin da Lissafi ke samu a zango bai kai awa 34 ba. Duk jinkirin da aka samu a farko, babin ƙarshe ne ke biyan bashinsa.

A Jihar Kaduna akwai ƙarin dalili. A watan Janairun 2022 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta mayar da makarantun gwamnati karatun kwana huɗu a mako, bayan ta yi wa ma'aikata haka a Disambar 2021, tare da cewa za a tsawaita lokacin tashi don cike gurbin. Ko da an cike adadin awoyi a takarda, darasin da aka yi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu a Zariya, a aji mai cunkoso, ba ɗaya yake da na ƙarfe takwas na safe ba. Sannan ga SS3, wadda zangonta na uku ba na karatu ba ne, domin jarrabawar WAEC takan fara a Afrilu ko Mayu. Shekara uku ta babbar sakandare, idan aka tace ta, zango takwas ce.

Igiyar da ba ta son a yanke ta

Da a ce siffofi irin sauran babi ne, da tsallake shi bai yi wannan illa ba. Ɗalibin da bai koyi lissafin tushen lamba ba yana iya koyon ƙididdiga lafiya lau. Siffofi kuwa igiya ce, ƙulli na riƙe ƙulli.

Misali ɗaya ya isa. A SS2 ana koyar da cewa idan aka ja layi ya ratsa tsakiyar da'ira daga baki zuwa baki, aka ɗauki kowane ɗigo a bakin da'irar aka haɗa shi da ƙarshen layin biyu, kusurwar da za ta fito a wurin ɗigon digiri 90 ce, ko ina aka sa ɗigon. Mai walda da ke son gano tsakiyar faifan ƙarfe zagayayye yana iya cin moriyar wannan: ya ɗora kwanar sukwaya a bakin faifan, ya yi alama a wurare biyun da hannuwanta suka ratsa bakin, ya haɗa su da layi, ya sake yin haka daga wani wurin, inda layukan biyu suka gitta nan ne tsakiya. Amma don ɗalibi ya gane dalilin da ya sa abin yake haka, sai ya san cewa alwatika mai ƙafa biyu daidai kusurwoyin gindinta daidai suke, ya kuma san cewa kusurwoyin kowace alwatika idan aka tara su digiri 180 ne. Wannan na biyun kuma ya dogara ne a kan ƙa'idar layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Dukkansu darussan SS1 ne da ƙaramar sakandare. Idan an tsallake su, malamin SS2 ba shi da abin yi sai ya rubuta ƙa'idojin da'ira a allo ya ce a haddace. Ɗalibi zai haddace, ranar jarrabawa a juya zanen a kife, ya kasa gane shi.

Masu nazarin koyarwa sun daɗe da bayyana wannan. A 1957 wasu malaman Lissafi biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, suka nuna cewa fahimtar siffofi hawa-hawa ce. Yaro yana fara gane siffa da kamanninta, sannan ya san sifofinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ga yadda wata sifa ke haifar da wata, daga nan ne zai iya kafa hujja. Shekaru ba sa ɗaga yaro daga hawa zuwa hawa, koyarwa ce ke ɗaga shi. Malamin da ke magana daga hawa na huɗu ga ajin da ke hawa na ɗaya, kamar mai wa'azi ne da harshen da masu sauraro ba sa ji.

A nan ne kuma batun harshe ya shigo. A watan Nuwambar 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin farko. A babbar sakandare dama da Ingilishi ake koyarwa, don haka a takarda ba abin da ya sauya. Sai dai kafa hujja aikin harshe ne kafin ya zama aikin lamba: tunda kaza, kuma tunda kaza, to lalle kaza. Ɗalibin da bai mallaki irin wannan jimla da Ingilishi ba yana iya mallakarta da Hausa, domin da ita yake gardamar ƙwallo da siyasa a majalisa. Malamin da ya tsaya ya warware hujjar da Hausa, sannan ya sa a rubuta ta da Ingilishin jarrabawa, bai saɓa wa hankali ba. Sikim ɗin da bai bar masa lokacin yin bayani sau biyu ba shi ne ya saɓa.

Jarrabawar da ke barin ƙofar gudu

Da jarrabawa tana kama wanda ya tsallake siffofi kamun kazar kuku, da makarantu sun daina. A manhajar Lissafi ta WAEC, huɗu daga cikin manyan sassa tara na wannan fanni ne: awo, siffofin shimfiɗe, lissafin layi a kan jadawali, da tirigonometiri. Amma tsarin takardar ya bar mafita. Takarda ta ɗaya tambayoyin zaɓi 50 ce, maki 50. Takarda ta biyu maki 100 ce: tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sannan wasu takwas da ɗalibi zai zaɓi biyar daga ciki, maki 60. A wannan zaɓin ne ake kauce wa tambayar zane da ta da'ira, a tattara ƙarfi a kan ƙididdiga da aljabara. Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun sha nanata cewa siffofi, zane da lissafin fuskar tafiya na cikin wuraren da ɗalibai suka fi rauni, kuma suka fi gudu.

Bai kamata a yi saurin ɗora wa malami laifi ba. Ana auna shi, ana auna makarantarsa, da adadin waɗanda suka sami kiredit. Idan yana da mako shida kafin jarrabawa da ɗalibai tamanin, hankali zai ba shi ya zuba lokacin a inda maki ya fi tabbas. A makarantun kuɗi matsin ya fi haka, domin sakamakon bana shi ne tallar baɗi. Kowa a cikin tsarin yana yin abin da ya fi masa, ɗalibi ya fito da kiredit a hannu, ya shiga ajin farko na injiniya ko na kwalejin kimiyya da fasaha, a miƙa masa allon zane ya tsaya yana kallo.

Alƙaluman da ake yayatawa duk shekara ba sa nuna wannan rami. A 2024 kashi 72.12 cikin 100 na waɗanda suka zauna WAEC sun sami kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. A watan Agustan 2025 hukumar ta fara sanar da kashi 38.32, ƙasa ta ɗauki salati, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen duba takardun da aka sauya wa jerin tambayoyi, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Adadin da zai iya tsalle da maki 24 cikin mako guda ba ma'aunin da za a dogara da shi ba ne wajen sanin abin da yaro ya iya. Ko da ya tsaya daidai, jimla ce kawai, ba ta faɗin ɗalibai nawa suka taɓa tambayar da'ira.

Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1960 da farkon 1970 aka shigo da abin da aka kira lissafin zamani, wanda ya samo asali daga gyare-gyaren manhaja na Amurka da Turai, aka rarraba littattafai kafin a shirya malaman da za su koyar da su. A farkon 1977 Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi. An shigo da shi da sanarwa, an fitar da shi da sanarwa, malamin aji kuwa a duka biyun labari ya ji. Ita ma Jihar Kaduna tana da nata tarihin gyara daga sama: a 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, 21,780 suka faɗi aka sallame su, a 2022 aka sake sallamar 2,357. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko ya soke shi, gwajin ya tambayi abin da malami ya sani ne. Tambayar abin da aka ba shi lokaci da kayan koyarwa a kai tana nan ba a amsa ba.

Yadda za a iya tsara shi

A Amurka, inda kowace jiha ke da ma'aunin karatunta, kuma da yawansu suka rungumi ma'auni na bai-ɗaya daga 2010, makarantu da dama suna ware shekara guda sukutum ga siffofi kaɗai. Tsarin Nijeriya, irin na Ingila, yana cakuɗa sassan Lissafi a kowace shekara. Ba sai an kwaikwayi Amurka ba. Amfanin cakuɗawar shi ne a riƙa komawa kan abu ana ƙara masa zurfi, kuma wannan amfanin ne ke ɓacewa idan aka tara siffofi a wutsiyar zango.

Manhaja ta faɗi abin da za a koyar a shekara, ba ta ɗaure kowa a kan makon da za a koyar da shi ba. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna tana da ikon fitar da sikim da zai keɓe darasi ɗaya ko biyu a kowane mako ga siffofi, tun daga makon farko na SS1 har zuwa jarrabawar gwaji ta SS3. Darasi ɗaya a mako, a zango takwas masu mako 10, darussa 80 ke nan da ba hutun Sallah ko wasannin gidaje da zai cinye su a dunƙule. Zane da rula da kamfas ya cancanci ya zo a farkon farawa, domin hannu ne ke koya wa ido, kuma ɗalibin da ya raba layi biyu daidai da kansa ya riga ya taka rabin hanyar hujjar alwatika. Kafin nan, gwaji na minti 20 a makon farko zai nuna wa malami hawan da ajinsa yake, tunda 'yan SS1 daga ƙananan sakandare dabam-dabam suke zuwa.

Kayan aikin ma ba su kai tsadar da ake zato ba. Babban kamfas na allo, idan babu, igiya da alli suna zana da'ira, ƙusa da igiya suna zana ta a filin makaranta. Abin da ba shi da madadi shi ne gwangwanin kayan lissafi a hannun kowane ɗalibi, kuma a gidan da ake lissafin kuɗin garin tuwo, wannan gwangwani yakan jira har daren jarrabawa. Jihar da ta ware wa ilimi kusan rubu'in kasafinta a 2024 da 2025, kamar yadda gwamnatin Sanata Uba Sani ta yi, tana iya sa wannan a lissafi kusa da ginin azuzuwa, ko da yake ba a yanke kyalle a kan gwangwani.

Misalan kuwa suna bakin ƙofa. Babin layukan doron ƙasa na SS3, wanda ɗalibai ke ɗauka kamar labarin wata duniya, shi ne ke ba da alƙibla. Bahaushe yana cewa ya fuskanci gabas, amma daga Zariya alƙibla tana kimanin digiri 67 ne daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da fiye da digiri 20. Ajin da aka fara wannan babi da tambayar yadda aka san haka ba zai yi gyangyaɗi ba. Su ma malaman Musulunci na farko ba baƙin fannin ba ne: a Bagadaza, zamanin Haruna Rashid, aka fassara littafin Iƙilidis zuwa Larabci, kuma neman alƙibla da lokutan salla na cikin abin da ya sa suka zurfafa a lissafin kusurwa.

Sai kuma masu duba aiki. Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta Jihar Kaduna tana shiga makarantun gwamnati da na kuɗi. Mai duba aikin da ya tsaya a kan kundin da malami ke cike abin da ya koyar, zai tarar da komai a rubuce. Wanda ya ce a kawo masa littattafan ɗalibai biyar na SS1, ya nemi shafin da ƙafar kamfas ta huda, cikin minti biyu zai san gaskiya. Garin da ke da Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ba ya rasa waɗanda za su zauna da malaman sakandare a lokacin dogon hutu su rubuta irin wannan sikim tare.

Akwai kuma abin da ke tafe wanda zai iya ƙara dagula lamarin. Gwamnatin Tarayya ta ce tana son WAEC da NECO su koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2026, Majalisar Wakilai kuma a watan Nuwambar 2025 ta nemi a jinkirta har zuwa 2030. A gwajin da WAEC ta fara da masu zaman kansu a 2024, tambayoyin zaɓi ne ake amsawa a kwamfuta, na rubutu kuma ana karanta su a fuskar kwamfuta a amsa a takarda. Muddin aka tsaya a haka, tambayar zane tana da wurin zama. Ranar da aka janye takardar, kwamfuta za ta iya tambayar ɗalibi girman kusurwa ta ba shi zaɓi huɗu, amma ba za ta ga yadda ya riƙe kamfas ba, ba kuma za ta karanta hujjarsa layi bayan layi ba, sai an gina mata manhajar yin haka. Abin da jarrabawa ta daina tambaya, makarantu kan daina koyarwa cikin shekara ɗaya ko biyu.

'Yan SS1 da suka fara da sabuwar manhaja a Satumbar 2025 za su zauna jarrabawar kammalawa a 2028. Ƙa'idojin alwatika da za su buƙata a ranar, a wannan shekarar karatun ne ya kamata su koye su, kuma takardar da za ta nuna ko an ba su mako nawa tana ofishin mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, inda kowane uba, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ɗan majalisar jiha mai wakiltar Zariya ko Sabon Gari zai iya neman a nuna masa.